Iska da Manoman Amurka: Daga Famfon Rijiya Zuwa Kuɗin Haya

A shekarar 1862 gwamnatin Amurka ta kafa dokar bayar da eka 160 ga duk wanda ya yarda ya zauna a fili ya noma shi shekara biyar. Yawancin filayen suna tsakiyar ƙasar ne, shimfiɗaɗɗen daji mai ciyawa wanda aka raba 'yan asalin wurin da shi da ƙarfin bindiga. Baƙin suka tarar ƙasa na da albarka, amma koguna sun yi nisa, ruwa kuma sai an yi gaba da yawa a ƙasa kafin a tarar da shi. Duk wanda ya taɓa shayar da garke da guga ya san ba aikin mutum ɗaya ba ne. Abin da Allah ya wadata wurin da shi, rani da hunturu, shi ne iska.

Maganin ya riga su zuwa. Tun 1854 wani maƙeri a jihar Connecticut, Daniel Halladay, ya yi rajistar famfon iska mai kula da kansa. Wutsiyarsa ke juya shi ya fuskanci iska, in kuma iska ta yi ƙarfi sai fukafukan su karkace da kansu don kada guguwa ta karya su. A gabas bai yi kasuwa sosai ba, sai kamfanin ya koma Batavia a jihar Illinois cikin 1863, kusa da masu bukata. Kamfanonin jirgin ƙasa na cikin manyan masu saye na farko, domin jirgi mai kwal ba ya tafiya mai nisa sai an cika masa tukunya da ruwa. Da waya mai ƙaya ta bazu bayan 1874, aka shinge makiyaya, shanu suka rasa hanyar kogi, sai ya zama dole kowane shinge ya sami rijiyarsa.

Famfunan farko galibi na katako ne. Injiniya Thomas Perry ya yi dubban gwaje-gwaje a farkon shekarun 1880 ya gano fukafukan ƙarfe masu lanƙwasa sun fi kama iska nesa ba kusa ba. Kamfanin da yake wa aiki bai karɓi shawarar ba, sai ya haɗa kai da LaVerne Noyes suka fito da Aermotor a Chicago cikin 1888. Shekarar farko 'yan kaɗan suka sayar, amma a 1892 sun sayar da kusan 20,000. Babbar wahalar da ta rage ita ce mai: kowane mako sai wani ya hau hasumiya ya zuba, ko ana ƙanƙara. A 1915 Aermotor ya rufe haƙoran injin cikin akwatin mai, aikin mako ya koma na shekara. An ƙiyasta cewa daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa 1970 an kafa irin waɗannan famfuna kimanin miliyan shida a Amurka.

Rediyo ce ta kawo zancen lantarki. A shekarun 1920 manomi na son jin farashin alkama da labarin yanayi, amma batir in ya mutu sai an kai gari. 'Yan'uwa biyu a wata gonar kiwo a Montana, Marcellus da Joe Jacobs, suka fara gwaji wajen 1922. Sun gane cewa fukafukai masu yawa na famfon ruwa suna da ƙarfi amma ba su da gudu, janareto kuwa gudu yake so, sai suka koma farfela mai fukafuki uku. Injinsu yakan cika jerin batura masu bolt 32, ya kunna fitilu da 'yan na'urorin gida. Ɗaya da aka kai Antatika tare da tawagar Richard Byrd a 1933 an same shi yana juyi bayan shekara ashirin da ɗoriya. Masu ƙaramin ƙarfi kuma sukan sayi Wincharger na Sioux City, wanda ake haɗawa da rediyon Zenith a sayar.

Abin da ya durƙusar da wannan sana'a ba gazawar injin ba ce. A tsakiyar shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da wutar waya, alhali a birane tara cikin goma ne. Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa hukumar kai lantarki karkara a 1935, doka ta biyo baya a 1936, aka riƙa ba ƙungiyoyin gama-kai na manoma rance mai sauƙi su kafa falwayoyi. Zuwa tsakiyar shekarun 1950 fiye da kashi 90 na gonaki sun sami wuta. Ba a ga laifin manomi ba, don wutar waya ba ruwanta da ko iska ta kaɗa, kuma tana ɗaukar firji da injin tatsar madara. Kamfanin Jacobs ya daina ƙera injin a cikin waɗannan shekarun.

Tsadar man fetur ta 1973 ce ta sa aka waiwayo iska. Dokar 1978 ta tilasta wa kamfanonin wuta sayen lantarki daga ƙananan masu samarwa, ta 1992 kuma ta kawo rangwamen haraji kan kowane kilowat-awa da iska ta bayar. Jihar Iowa ta yi tata dokar tun 1983, Texas a 1999 zamanin gwamna George W. Bush. Yau fiye da rabin lantarkin da Iowa ke samarwa daga iska yake fitowa.

Sai dai iskar ta dawo gona da sabon ubangida. Injin zamani miliyoyin dala ne, ya fi ƙarfin aljihun manomi, kuma rangwamen harajin ya fi amfanar mai babbar riba. Don haka kamfani ke da injin, mai gona ya ba da haya na shekara ashirin ko talatin ko fiye, ya ci gaba da shuka masara har gindin hasumiya. A Roscoe ta Texas, inda fari ya sha cinye auduga, wani manomi ya bi maƙwabtansa gida-gida har ɗaruruwansu suka yarda, aka kammala injuna 627 a 2009. Ga irin waɗannan, kuɗin haya amfanin gona ne da ba ya jiran ruwan sama. Wasu manoman Luverne a Minnesota sun so su riƙe abin a hannunsu, suka haɗa jari suka kafa Minwind a 2002, amma a 2015 ya karye.

Hayar ma ta zo da nata rigingimun. Maƙwabcin da injin bai faɗo gonarsa ba yana shan ƙara da inuwar farfela ba ko kwabo, wanda ke noma gonar aro kuma yana kewaye hanyoyin kamfani da tarakta, kuɗin na tafiya ga mai ƙasa da ke zaune a birni. Dillalai ma sun fara sayen haƙƙin iska daban da ƙasa, yadda aka saba yi da man fetur a can. Jihohi irin su Dakota ta Kudu, Nebraska da Kansas suka hana, Wyoming ma ta yi doka a 2011 cewa ba a raba haƙƙin iska da gonar da take kaɗawa a kai.