Rabin Lokaci na Gwaji Ne: Tarihin Masu Farautar Kuskure a Manhaja

Da ƙarfe 3:45 na yammacin ranar 9 ga Satumba, 1947, ma'aikatan da ke kula da kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka suka gano abin da ya dagula wa injin lissafi. Wani ƙwaro ne mai fiffike, irin masu rububin fitila da dare, ya maƙale a makunni mai lamba 70. Suka zaro shi, suka manna shi da salatif a littafin aikinsu na yau da kullum, suka rubuta lokaci da inda aka same shi. Shafin na nan har gobe a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington. An fi jingina labarin ga Grace Hopper, wadda ke cikin ayarin, ita ce kuma ta yayata shi daga baya. Sai dai littafin ya fi ƙwaron muhimmanci. Yaushe abin ya faru, a ina, me ya jawo shi: tambayoyin da duk mai gwada manhaja ke cikewa ke nan a kullum.

A wancan zamani gwaji bai zama sana'a mai zaman kanta ba. Wanda ya rubuta manhaja shi ke gwada kayarsa, in ta yi abin da ya zata sai ya ce ta yi. Manhajoji na ƙara girma, wannan sakaci ya fara cin kuɗi. A ranar 22 ga Yuli, 1962, Amurka ta harba kumbon Mariner 1 da nufin ya leƙo tauraruwar Zara. Bai cika minti biyar a sama ba aka tarwatsa shi da gangan saboda ya saki hanya, kuma cikin dalilan har da wata 'yar alama da aka tsallake wajen kwafe lissafin da ke masa jagora. Zuwa Oktoban 1968 lamarin ya kai ƙungiyar NATO ta tara masana kusan hamsin a garin Garmisch na Jamus, don su duba me ya sa manyan ayyukan manhaja ke wuce wa'adi, su lashe kasafi, sannan su fito da tangarɗa.

Wanda ya fi kowa fito da maganar fili shi ne Fred Brooks, mutumin da ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, aikin da ya ci ƙarfin da ya kai na mutum 5,000 na shekara guda. A littafinsa The Mythical Man-Month na 1975, ya bayyana yadda yake raba lokacin aiki. Kashi ɗaya cikin uku na tsare-tsare ne. Rubuta manhajar kanta, wanda na waje ke ɗauka shi ne aikin, kashi ɗaya ne kacal cikin shida. Rubu'i na gwada kowane ɓangare shi kaɗai, wani rubu'in na gwada su a haɗe. Wato rabin lokaci sukutum na gwaji ne. Brooks ya lura cewa ayyuka kaɗan ne ke ware wa gwaji rabin tun farko, amma yawancinsu sai sun kashe rabin a ƙarshe, ko suna so ko ba sa so.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Gwaji shi ke zuwa ƙarshe, duk jinkirin da aka tara a baya a kansa yake sauka. Tamkar tela ne a jajibirin Sallah: yanka ya ci lokaci, ɗinki ya ci lokaci, aiki a wuyan riga ya ci nasa, abin da ake tsallakewa shi ne mai kaya ya sa a ga ko ta zauna masa.

Shekara huɗu bayan Brooks, wani ma'aikacin IBM ɗin, Glenford Myers, ya juya tunanin masu sana'ar. A wurinsa mai gwaji mafarauci ne, burinsa ya kamo kuskure, gwajin da ya tono aibi shi ne ya ci riba. Ya ba masu karatunsa wata 'yar jarrabawa: manhaja ce ke karɓar lamba uku a matsayin tsawon gefunan alwatika, ta faɗi ko duka ukun daidai suke, ko biyu, ko kowane daban. Me za a gwada? Mutum zai sa 3, 4, 5 ya ji ya gama. To in aka sa sifiri fa? In aka sa lamba biyu kawai? In aka sa 1, 2, 3, waɗanda ba za su taɓa haɗa alwatika ba? Hatta ƙwararru sukan tuna kusan rabin gwaje-gwajen da suka kamata ne kawai. In ƙaramin abu irin wannan ya ɓoye ramuka haka, ina ga manhajar banki?

Daga nan aka shiga neman ma'auni. A 1979 Allan Albrecht ya ce a ƙirga abubuwan da manhaja ke yi wa mai amfani da ita, abin da take karɓa da abin da take fitarwa, a auna girman aiki da su. A 1981 Barry Boehm ya fito da tsarin COCOMO, wanda ya gina a kan bayanan ayyuka 63 da aka riga aka kammala. A 1983 cibiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'ida mai lamba 829, wadda ta tsara takardun gwaji tun daga jadawalin farko har rahoton ƙarshe. Hikimar Boehm ce ta fi ɗorewa, domin ta dogara ne da abin da aikin jiya ya ci a zahiri.

Amma tarihin jiya sai an adana shi, kuma takardu sun yi wa ma'aikata yawa. Nan manhajojin kula da gwaji suka shigo. Kamfanin Mercury Interactive ya fito da TestDirector, wadda ta koma Quality Center, har HP ya saye kamfanin a 2006 kan dala biliyan 4.5. A 1998 Terry Weissman ya rubuta Bugzilla don aikin Mozilla, aka sake ta kyauta. A 2002 wasu matasa biyu 'yan Ostireliya, Mike Cannon-Brookes da Scott Farquhar, suka kafa Atlassian suka fito da Jira.

Wanda ya leƙa allon mai gwaji zai ga kowane gwaji da lambarsa, da matakan da za a bi, da abin da ake sa ran gani, da abin da aka gani. Kore ya wuce, ja ya faɗi, wani kuma an tare shi saboda ɓangaren da ya dogara da shi bai kammalu ba. In ya faɗi, sai a buɗe rahoto, a sa masa girman illa, a ɗora wa wani injiniya. Shi ya gyara, mai gwaji ya sake gwadawa, sannan ya koma kan tsofaffin gwaje-gwaje don kada gyaran ya ɓata abin da da yake lafiya. Wannan komen shi ne masu ƙiyasi suka fi mantawa. Manhajar kuwa ba ta mantawa: tana riƙe da yawan gwajin da aka yi a rana, da kason da ke faɗuwa, da sau nawa aka sake buɗe rahoton da aka rufe. Da waɗannan shugaban ayari ke lissafa kwanakin da suka rage.

Akwai abin da ba ta iya ƙirgawa: gwajin da ba wanda ya rubuta. A ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Ariane 5 ta Turai ta tashi daga Kourou ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu, ta wargaje cikin kimanin daƙiƙa 40. An ɗauko manhajar na'urar gane hanya ne daga Ariane 4, inda ta daɗe tana aiki lami lafiya. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu a kaikaice, sai wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata. Na'urar ko-ta-kwana ma ta mutu, tunda manhajarsu ɗaya. Kwamitin bincike ƙarƙashin Jacques-Louis Lions ya gano cewa ba a gwada na'urar da bayanan hanyar da Ariane 5 za ta bi ba. An yarda da ita ne saboda tarihinta.

A Fabrairun 2001 mutum 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah, suka yi kiran a riƙa gina manhaja kaɗan-kaɗan ana gwadawa, kada a tara gwaji a ƙarshe. Shekara ta zagayo James Grenning ya kawo ƙiyasi da kati. A karanto aiki, kowa ya zaɓi kati a ɓoye mai lambar da ke nuna girman aikin a ganinsa, galibi 1, 2, 3, 5, 8 ko 13, a buɗe lokaci guda. In injiniya ya ɗaga 2 mai gwaji ya ɗaga 13, sai kowa ya faɗi hujjarsa. Alfanun dabarar shi ne ta ba mai gwaji baki tun kafin a sa ranar gamawa, ta kuma hana ƙarami bin bakin babba.

Duk da haka tsohuwar cutar ba ta warke ba. Wani rahoto da hukumar NIST ta Amurka ta fitar a 2002 ya ƙiyasta cewa kurakuran manhaja na jawo wa ƙasar asarar dala biliyan 59.5 a shekara, kuma ingantaccen gwaji zai iya rage fiye da kashi ɗaya cikin uku. Shekara 11 bayan haka, a ranar 1 ga Oktoba, 2013, gwamnatin Amurka ta buɗe shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov, a lokacin da duk kayan aikin nan ke hannun kowa. Shafin ya durƙushe. 'Yan kwangila sun shaida wa majalisar wakilai cewa makonni biyu na ƙarshe kawai aka samu na gwada tsarin a haɗe, alhali watanni yake bukata. Laifin ba na ma'auni ba ne, na waɗanda suka riƙe ranar buɗewa suka ƙi ɗagawa ne. Mutum shida ne kacal suka iya kammala rajista a ranar farko.