Tsakanin Mai Mota, Mai Gareji da Inshora a Kilomita Biyar

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta da layin dogo, ba ta iyaka da teku, kogin Ubangi kuma ba ya ɗaukar manyan jirage sai ruwa ya cika shi. Don haka yawancin siminti, gishiri da atamfar da ake sayarwa a Bangi a bayan mota suke zuwa, daga Duwala, ta Garwa-Bulai da Buwar, tafiyar fiye da kilomita 1,400. Da yawa daga cikin kayan nan a Kilomita Biyar ake sauke su, unguwar da Hausawa, Fulani, Barebari da Larabawan Cadi suka mayar cibiyar kasuwancin birnin. Hanyar tana cin mota, shi ya sa gareji ya yawaita a unguwar: bakanike, mai walda, mai kwankwasa jikin mota, mai fenti da mai haɗa waya, kowa da yaransa.

Duk wanda ya daɗe a harkar ya san inda gardama ke tasowa. An biya kuɗin daddaɓe ƙofa, sai aka cike lotsawar da mastik aka shafe da fenti, damina ɗaya ta tona asiri. An ce an miƙe shasi, amma mota na jan gefe, taya na cinyewa ta ɓari guda. An karɓi kuɗin sabon ƙarfe aka ɗaura na gwanjo. Ko kuma mota ta kwana biyu a gareji, ta fito babu batirin da ta shiga da shi.

Tun kafin takardar inshora ta shiga aljihun direba, mutanen unguwar suna da hukuncin da suka gada. A mazhabar Malikiyya, mai sana'ar da ya buɗe wuri yana yi wa jama'a aiki shi ke da lamunin kayan da aka bar masa, sai fa in akwai shaidar cewa sun lalace ba da sakacinsa ba. Hukuncin yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, littafin da ake karantawa a zaurukan malamai daga Kano har Bangi. An tsara shi ne a zamanin masaƙa, marina da maƙera, amma ya hau kan mai gareji daidai.

A aikace, mai mota ba ya farawa da hukuma. Yakan je wurin maigidan da ya yaye mai aikin, domin wanda ya koya wa yaro riƙon guduma shi ne zai dubi aiki ya ce, "Wannan ba koyarwata ba ce, kankare ka sake." In abin ya faskara, a kai ga shugabannin direbobi, daga nan sai limami. Ƙarshen zaman ba ya wuce ɗayan uku: a sake aiki kyauta, a mayar da kuɗin hannu, ko a raba asara idan mai motar ne da kansa ya sayo ƙarfen banza don neman araha. Ƙarfin wannan sulhu sanayya ce. Mai garejin da ya ƙi maganar dattawa, motocin Alhazai sun daina tsayawa a ƙofarsa ke nan.

Abubuwa uku a farkon shekarun 1990 suka sauya sana'ar. Ranar 10 ga Yuli 1992 aka sa hannu a Yawunde kan yarjejeniyar CIMA, wadda ta haɗa harkar inshorar ƙasashe 14 a ƙarƙashin doka guda, ciki har da Afirka ta Tsakiya, Kamaru, Cadi da Nijar. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin kayan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo, masu mota suka ƙara raja'a ga gwanjo da faci. Dokar CIMA ta fara aiki a Fabrairun 1995, ta tarar da motoci da yawa ba su da sauran asalin ƙarfensu.

A nan ne direbobi suka fi shan mamaki. Inshorar da doka ta tilasta, wadda ɗan sanda ke tambaya a shinge, ta biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani ce. Ba ta gyara taka motar, balle ta rama maka aikin da gareji ya ɓata. Ko mai cikakkiyar inshora, kamfani yakan aiko ƙwararre ya ƙiyasta ɓarnar, ya zabtare kuɗin tsufan mota, abin da ya rage sau da yawa ba ya sayen sabon ƙarfe. Mai gareji ya yi aiki gwargwadon kuɗi, mai mota ya ga an cuce shi, kamfani ya ce ya sauke nauyinsa. Kaɗan ne suka san suna iya ɗauko nasu ƙwararren ya sake ƙiyasi. Kaɗan ne kuma suka san dokar ta ware masu gyaran mota daga inshorar mai motar, ta ce su yanki tasu, saboda ranar da yaron gareji zai fita gwaji ya buge wani. Wa'adin kai rahoton haɗari gajere ne, kwanakin aiki biyar a mafi ƙaranci, na sata sa'o'i 48, ƙara a kan kwangilar inshora kuwa tana faɗuwa bayan shekara biyu. Tun 2011, wanda bai biya kuɗin inshora ba, ba shi da kariya.

Shi ma mai gareji doka ba ta bar shi hannu sake ba. Dokokin kasuwanci na ƙungiyar ƙasashen Afirka ta OHADA sun ba shi damar riƙe mota har a biya shi haƙƙin aikinsa, abin da ke sa mai ƙorafi ya biya tukuna, ya yi gardama daga baya.

Sai kuma 2013. Ƙungiyar 'yan tawayen Seleka ta kama Bangi ranar 24 ga Maris, 'yan bindigar anti-balaka suka afka wa birnin ranar 5 ga Disamba, Kilomita Biyar ta zama tungar ƙarshe ta Musulmi. Dubban mutane suka yi hijira Cadi da Kamaru, cikinsu har da iyayen gidan sana'a da dattawan da ke raba gardama. Masu motocin da aka ƙone suka tarar dokar inshora ta cire asarar yaƙin basasa da tarzoma, sai in an rubuta akasin haka a kwangila. Ziyarar Fafaroma Francis a babban masallacin unguwar ranar 30 ga Nuwamba 2015 ta kwantar da hankula, amma ƙungiyoyin da suka kira kansu masu kare kai sun ci gaba da karɓar haraji a shaguna da motoci, kuma wanda ke da ɗan bindiga a bayansa ba ya jin maganar limami. A ƙarshen Disamban 2019 'yan kasuwa suka ƙi biya, aka gwabza, gommai suka mutu. Shekara guda bayan haka 'yan tawayen CPC suka datse hanyar Kamaru, ɗaruruwan manyan motoci suka yi makonni jibge a Garwa-Bulai, kayan gyara suka yanke.

Sulhu ya dawo, amma sanayyar da ta riƙe shi ta ragu, domin sababbin fuskoki sun shigo sana'ar. Masu mota da suka sha wuya yanzu sukan rubuta aikin da kuɗinsa a gaban shaidu biyu, su ɗauki hoton mota da waya kafin ta shiga gareji, su ce a ajiye musu tsohon ƙarfen da aka cire. Akwai kuma hanyar da dattawan unguwar ya kamata su riƙa. Dokar sasanci da OHADA ta amince da ita a Konakiri ranar 23 ga Nuwamba 2017 ta yarda a rubuta abin da aka daidaita a kai, ɓangarorin biyu su sa hannu, a kai kotu ta tabbatar da shi, ya zama ana iya tilasta wa wanda ya saɓa. Ta haka maganar da aka yanke a zauren limami ko a tashar mota za ta iya kama mai garejin da ba ɗan unguwa ba.