Cefanar da Aikin Kula da Jiragen Sama: Daga Masu Dira da Laima zuwa Manoman Kashin Zama

Gabatarwa

Kusan duk jirgin da ya ratsa samaniyar Jega, Aliero da Maiyama, ko na alhazai ne da ya tashi daga filin jirgin Birnin Kebbi da ke Ambursa ko na ƙasashen waje mai wucewa, akwai ma'aikaci a ƙasa da ke magana da matuƙinsa ta rediyo, yana faɗa masa tsayin da zai riƙe da hanyar da zai bi don kada ya yi karo da wani. Wannan aiki shi ake kira kula da zirga-zirgar jiragen sama. Shekara talatin ke nan ana muhawara a duniya kan ko gwamnati ce za ta ci gaba da riƙe shi, ko a miƙa shi ga kamfani. Cikin waɗanda suka fi ɗaga murya har da wasu da ba a saba da su a ƙasar Hausa ba, wato masu wasan dira daga jirgi da laima. Wannan nazari ya duba hujjarsu, sannan ya nuna cewa abin da suke tsoro ya shafi manomin Kashin Zama da maƙwabtansa, domin shi ma yana da ƙaramin jirgin da amfanin gonarsa kan dogara da shi: jirgin feshin tsuntsayen jan-baki.

Yadda aka yi a wasu ƙasashe

Kanada ce misalin da masu goyon bayan cefanarwa suka fi kawowa. A ranar 1 ga Nuwamba 1996 gwamnatinta ta sayar da aikin gaba ɗaya ga kamfanin Nav Canada kan dalar Kanada biliyan 1.5. Kamfanin ba na neman riba ba ne, ba shi da masu hannun jari, kuma yana gudanar da kansa da kuɗin da jirage ke biya. Ya sabunta na'urori, ya kuma yi suna wajen kiyaye haɗari. Ƙananan jirage masu farfela da nauyinsu bai wuce tan 3 ba, an yanka musu kuɗi sau ɗaya a shekara, komai yawan tashinsu. Amma da annobar korona ta tsayar da sufuri, kuɗin shiga ya ƙafe, sai kamfanin ya ƙara farashi da kusan kashi 30 cikin ɗari a Satumba 2020, ya kuma fara duba yiwuwar rufe hasumiyoyin wasu ƙananan filaye, kafin ya fasa a 2021 bayan ƙorafin jama'a.

Birtaniya ta bi wata hanya a 2001. Gwamnati ta riƙe kashi 49 na kamfanin kula da jiragenta, NATS, ta sayar da mafi yawan sauran ga gamayyar kamfanonin jirage. Ba a jima ba harin 11 ga Satumba ya rage zirga-zirga tsakanin Turai da Amurka, kamfanin ya shiga matsi, sai da gwamnati ta sake zuba masa kuɗi a 2003.

A Amurka kuwa, shugaba Donald Trump ya fito fili a Yunin 2017 ya goyi bayan raba aikin da hukumar sufurin sama ta ƙasar, FAA. Ɗan majalisa Bill Shuster ya gabatar da ƙudurin kafa kamfani mai kwamitin gudanarwa na mutum 13. Ƙungiyoyin masu ƙananan jirage, har da ƙungiyar masu dira da laima ta ƙasar, suka yi masa ca, kuma a Fabrairun 2018 aka janye shi.

Me ya sa masu laima suka damu?

Sai an duba yadda wasan ke gudana kafin a gane. Jirgin masu laima yakan ɗauki mutum kaɗan, ya hau da su zuwa tsayin ƙafa dubu 10 zuwa dubu 14, inda manyan jirage ke bi idan suna shirin sauka ko sun tashi. Dokar Amurka ta ce, a sararin da ake kula da shi, dole matuƙi ya fara magana da mai kula aƙalla minti biyar kafin kowa ya faɗo. Mai dira yakan yi kusan minti guda yana gangarowa da gudun kilomita 200 a sa'a kafin ya buɗe laima, kuma a wannan lokaci ba ya iya kauce wa jirgi. Rayuwarsa tana hannun wanda ya karkatar da sauran jirage daga wurin. Da sun faɗo, jirgin ya sauka a filin da ya baro, ya kwashi wasu. A ranar hutu yana iya maimaita haka sau ashirin.

Daga nan hujjoji biyu suka fito. Ta farko ita ce lissafin kuɗi. A Amurka ƙananan jirage na biyan rabonsu ta harajin man jirgi, wanda ya sha da yawa ya biya da yawa. Idan aka koma karɓar kuɗi a kan kowane tashi, wanda ke yawan hawa da sauka da ɗan kaya shi zai ji jiki. Kamar a ce a kasuwar albasa ta Aliero a yanka kuɗin ƙofa iri ɗaya ga tirela mai shiga sau ɗaya da mai amalanke da ke kai-komo yini guda. Hujja ta biyu ita ce iko. Ƙudurin Shuster ya yi alkawarin yafe wa ƙananan jirage masu zaman kansu kuɗin, amma masu adawa suka ce muddin manyan kamfanoni ne ke kawo mafi yawan kuɗin, su za a riƙa saurare ranar da za a yanke wa za a ba hanya, wa zai jira, da kuma wace hasumiya za a rufe.

Halin da ake ciki a Najeriya

Ba a cefanar da wannan aiki a Najeriya ba. Hukumar NAMA, wadda doka mai lamba 48 ta 1999 ta kafa kuma ta fara aiki a Janairun 2000, ita ke riƙe da shi. Arewa na da daɗaɗɗen tarihi a fagen: a Kano jiragen farko suka sauka a 1925, har yau da sunan Kano ake kiran yankin samaniyar Najeriya a taswirar matuƙa, kuma kwalejin da ke horar da masu kula da jirage tana Zariya tun 1964. Cikin tashoshin rada da aka ƙaddamar a 2010 akwai ɗaya a Talatar Mafara, nan kusa da Kebbi. Maƙwabciyarmu Nijar kuwa tana cikin ASECNA, hukumar haɗin gwiwar gwamnatoci da aka kafa a 1959 mai hedikwata a Dakar. Cefanarwar da aka fi magana a kanta a Najeriya ta filayen jirgi ce: a Mayun 2023, zamanin ministan sufurin sama Hadi Sirika, an amince da ba wa ’yan kasuwa filayen Abuja da Kano, amma Festus Keyamo da ya gaje shi ya dakatar.

Sai dai ko da yake NAMA ta gwamnati ce, da kuɗin masu amfani da sararin take rayuwa. Tana karɓar kuɗin hanya daga jirage, tana kuma samun ɗan sama da kashi ɗaya bisa biyar na harajin kashi 5 da ake ɗorawa kan tikiti. A 2024 ƙungiyoyin ma'aikatan sufurin sama sun yi ta ƙorafi kan rabin kuɗin shiga da gwamnatin tarayya ke cirewa daga hukumominsu. A Yulin shekarar ne NAMA ta sanar da ƙara kuɗin hanya daga naira 2,000 da 6,000 zuwa 18,000 da 54,000, da kuɗin tsawaita lokacin aiki daga naira 50,000 zuwa 450,000. Minista ya sa aka dakatar da ƙarin. Hukumar na da hujjarta, domin gyaran rada da dala ake yi, tashoshi kuma da dizal suke aiki. Abin lura shi ne, matsin da ya sa Nav Canada ƙarin farashi ya riga ya iso nan tun ba a sayar da komai ba.

Jirgin feshi da fadamar Gulbin Zamfara

A Najeriya, dira da laima aikin soja ne, irin wanda ake koyarwa a Jaji. Ƙaramin jirgin farar hula da ya fi shafar talakan Kebbi shi ne na feshi. Tun da shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a jihar, ranar 17 ga Nuwamba 2015, noman rani ya faɗaɗa a fadamu, har da na Gulbin Zamfara da ya bi ta Jega. Yawan shinkafa kuwa kira ne ga jan-baki. Tsuntsu ɗaya na cin kimanin giram 10 a yini, garken miliyan biyu ke nan na iya lashe tan 20. Lokacin da ƙwaya ke ruwan nono, iyali kan tare a gona tun asuba. A ɗaura gwangwanaye a igiya daga wannan kunya zuwa waccan, yaro na ja suna ƙara, wani na wurga hoge da majaujawa, makogwaro ya dushe kafin azahar. Idan garken ya yi yawa, duk wannan ba ya hana komai.

A nan ne gwamnatin tarayya da ta jiha kan ɗauko hayar jirgi. Aikin yana da ƙa'idar lokaci mai tsauri. Da rana tsuntsayen a warwatse suke, sai dab da magariba suke taruwa a makwancinsu cikin ƙayoyi da ciyayin bakin ruwa. Matuƙi na da ɗan taƙin lokaci kafin duhu ya rufe, ya yi ƙasa-ƙasa ya zuba maganin, sannan ya koma fili ya sauka, sau da yawa bayan rana ta faɗi. Filayen jirgi da dama a Najeriya da faɗuwar rana suke rufewa, wanda ke son a jira shi kuma sai ya biya kuɗin tsawaita lokaci. Idan ƙarin da aka dakatar ya dawo, babban jirgi zai raba naira 450,000 a kan fasinjoji fiye da ɗari. Jirgin feshi ba shi da fasinja, daga kasafin sa'o'in feshi kuɗin zai fita, ma'ana makwancin da za a kai wa hari ya ragu.

Akwai kuma batun filin kansa. Filin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi yakan cika lokacin aikin hajji, daga nan ma mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya sallami jirgin farko na alhazan 2024. Sauran watanni zirga-zirgarsa kaɗan ce. Irin waɗannan filaye kamfani ke fara dubawa idan yana neman rage kashe kuɗi, kamar yadda aka gani a Kanada.

Ba a cewa feshin ba shi da illa. Maganin da aka fi amfani da shi guba ne da ke kashe wasu tsuntsayen, kuma haɗari ne ga masu tsintar matattun su ci. Amma manomin da jan-baki suka sauka wa ba shi da wata madafa mai saurin wannan.

Kammalawa

Abin da tarihin ƙasashen uku ya nuna shi ne, sunan mai mallakar hukuma bai kai abu biyu muhimmanci ba: yadda ake lissafa kuɗi, da waɗanda ke zaune a teburin yanke shawara. Kanada ta kare ƙananan jirage da kuɗin shekara, Turai kuma ta yafe kuɗin hanya ga jirgin da bai kai tan 2 ba. Najeriya na iya yin irin haka. Ko NAMA ta zauna a hannun gwamnati ko wata rana a ba ta ’yancin kamfani, ya kamata doka ta ware jiragen feshi, na asibiti da na ceto daga kuɗin kowane tashi da na tsawaita lokaci, ta kuma hana rufe hasumiyar wata jiha ba tare da jin ta bakin mutanenta ba. Wakilan Jega, Aliero da Maiyama a Majalisar Tarayya, da ƙungiyar manoman shinkafa ta Kebbi, su nemi a rubuta wannan kariya tun kafin maganar ƙarin kuɗi ta sake tasowa.