Lauyan Gwamnati da Haƙƙin Masu Gona da Makiyaya a Kwarin Rima

Gulbin Rima yana bi ta Goronyo da Wurno kafin ya isa birnin Sakkwato, Gulbin Sakkwato kuma yana ratsa ƙasar Rabah. A bakin waɗannan gulabe biyu akwai fadamun shinkafa da albasa da tafarnuwa, da mashayar dabbobi, da burtulan da suka girmi kowace ƙaramar hukuma. Akasarin masu amfani da su ba su riƙe da takardar mallaka. Abin da suke da shi shi ne gado, da aro, da jingina, da shaidar dattawa da ta uban ƙasa. Duk ranar da buƙatar hukuma ta faɗo kan irin wannan fili, ko don dam, ko hanya, ko aikin noman rani, mutum na farko da ke tsara matsayin gwamnati a rubuce shi ne lauyan Ma'aikatar Shari'a ko na hukumar da ke aikin. Hujjar wannan maƙala ita ce, an bar wannan ma'aikaci ba tare da horo ko umarnin da ya dace da irin shari'ar da ke gabansa ba, ana kuma auna ƙwazonsa da ma'aunin da bai kamata ba, wato yawan ƙarar da ya sa aka kora.

A wasu ƙasashe wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta a cikin gwamnati. Niyu Zilan ta kafa Kotun Waitangi a 1975 don sauraron koken ƙabilar Mawori. Ostireliya ta yi dokar haƙƙin ƙasa na 'yan asali a 1993, bayan hukuncin Mabo na 1992. A Kanada akwai jami'an da aikinsu kacokan shi ne bin diddigin ƙararrakin da al'ummomin asali ke kai gwamnati: su tono tsofaffin takardu, su tattara tarihi, su ba da shawara ko a yi sulhu ko a ci gaba da shari'a. A watan Janairun 2019 Ministar Shari'ar ƙasar, Jody Wilson-Raybould, ta fitar da rubutaccen umarni ga lauyoyin gwamnati cewa su fifita sasantawa, su amsa abin da tarihi ya tabbatar, kada kuma su riƙa fakewa da cewa lokacin shigar da ƙara ya wuce sai da dalili mai ƙarfi.

Wani zai ce wannan bai shafe mu ba, tunda a nan babu baƙin haure da suka mamaye ƙasa suka mayar da masu ita saniyar ware. Gobirawa da Adarawa da Fulani da Zamfarawa duk 'yan ƙasa ne, gwamna da alƙali da lauya kuma daga cikinsu suka fito. Nijeriya ma ta ƙaurace wa ƙuri'a ranar 13 ga Satumba 2007, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin al'ummomin asali. Akwai gaskiya a wannan magana, amma ba ta taɓa jijiyar matsalar ba. Abin da ya haɗa manomin Wurno da Bamawore shi ne, haƙƙinsu duka ya girmi dokar da ake yi masa hukunci da ita, kuma dokar ta samo asali ne daga cin ƙasa da yaƙi.

Kafin zuwan Turawa, ƙasar nan tana da nata fiƙihun ƙasa a rubuce. Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan mataccen fili, ciki har da raya shi da kuma yankan da shugaba ke yi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da Wurno ribaɗinsa kuma aka binne shi a can a 1837, ya zaunar da makiyaya da manoma a garuruwan da ya kafa, ya ba su wuraren noma da kiwo. Wasu iyakokin da ake jayayya a kansu yau daga irin wannan rabo suka taso. A watan Maris 1903 Lugga, jagoran Turawan Ingila, ya tsaya a Sakkwato ya shelanta cewa ikon ƙasa da haraji ya koma hannun Ingila saboda ta ci yaƙi. Dokar ƙasa ta 1910 ta sanya filayen Arewa ƙarƙashin Gwamna, Dokar 1962 ta Jihar Arewa ta gaji wannan tsari, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978 ta shimfiɗa shi a kan Nijeriya baki ɗaya. Sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗaure ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran kundin kansa.

A cikin wannan doka ne ƙaramin manomi ke yin asara tun kafin a shiga kotu. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama a fili saboda maslahar jama'a. Sashe na 29 ya taƙaita diyya ga abin da mutum ya aza a kan filin, kamar gini da amfanin gona da itatuwa. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Mai fadamar da ke ciyar da gida tun zamanin kakanni zai iya tashi da kuɗin shukar shekara guda. Makiyayi kuwa bai gina komai a burtali ba, bai shuka komai a mashaya ba, don haka a idon lissafin hukuma bai rasa komai ba. Sashe na 30 ya mayar da gardamar yawan diyya ga kwamitin rabon filaye, wanda gwamna ne ke naɗa shi, sashe na 47 kuma ya hana kotu duba ko diyyar ta isa, alhali sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya ba duk wanda aka karɓe wa dukiya damar zuwa kotu. Lauyoyi da alƙalai sun daɗe suna kai-kawo a kan wannan karo.

Ba sai an je nesa ba don ganin inda irin wannan tsari ke kaiwa. Dam ɗin Bakalori, kusa da Talata Mafara, a cikin tsohuwar Jihar Sakkwato yake lokacin da aka kammala shi a 1978. Manoman da aka tasa, da waɗanda aka hana noma ana gyaran filayensu, sun yi ta kai kuka kan ƙidayar gonaki da jinkirin diyya. Da suka ga ba a saurare su ba suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilun 1980 kuma 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Har yau alƙaluman hukuma da na mutanen yankin kan yawan waɗanda suka mutu ba su daidaita ba. Binciken Björn Beckman da na W. M. Adams ya nuna cewa rikicin ya faro ne daga teburin ma'aikata: rajistar gonaki mai cike da kuskure, da rashin wata kafa da mai ƙorafi zai bi a saurare shi. Adams ya kuma bi sawun abin da ya sami mutanen da ke ƙasa da dam ɗin, inda raguwar ambaliyar damina ta rage noman shinkafa da kamun kifi a fadamu. Rabah tana kan gulbin da aka tsare da dam ɗin, wato Gulbin Sakkwato. Waɗannan mutane ba a karɓe musu ko taki ɗaya na gona ba, saboda haka dokar diyya ba ta san da su ba, ko da yake ruwan da ke raya gonar ne aka tsare.

Dam ɗin Goronyo, wanda aka gama gininsa a 1984 ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, yana ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. A watan Satumban 2010 ruwa ya ɓalle ta wajensa ya cinye ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima. Abin da ya biyo baya shi ne agaji, kuma agaji kyauta ce da hukuma ke bayarwa gwargwadon abin da ta ga dama. Tambayar ko akwai alhakin da doka ta ɗora wa mai kula da dam tambaya ce ta shari'a, mutanen da ambaliyar ta kora, masu kwana a makarantun firamare, kuwa ba su da halin yin ta.

A ce ma wani ya daure ya kai ƙara. Kotun da ya sani, wadda ke magana da harshensa, ita ce kotun shari'ar Musulunci ta garinsu, amma ba a nan ake gurfanar da gwamna ko hukumar tarayya ba. Dole ya nufi Babbar Kotu, inda ake shari'a da Turanci ta bakin tafinta. Idan hukumar ta tarayya ce, sai a fara jayayya kan ko Babbar Kotun Jiha ce ke da hurumi ko ta Tarayya, a ci shekaru ba a taɓa maganar gonar ba. Sai a jawo Dokar Kare Jami'an Gwamnati mai cewa a shigar da ƙara cikin wata 3, duk da cewa kotuna sun ce ba ta hau kan ƙarar neman fili ba. In ya yi nasara, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya ce sai da yardar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, wato sai wanda aka kayar ya yarda a biya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ya saɓa wa doka, lauyan da ya bi su ma ya yi abin da aka koya masa ne. Laifin na tsarin ne da bai taɓa gaya masa cewa wanda ke ɗaya ɓangaren shi ma talakan gwamnatin da yake wakilta ba ne.

Tarihin Rabah kansa ya nuna darajar samun kafar ɗaukaka ƙara. Ahmadu Bello, haifaffen garin, wanda ya zama hakiminsa a 1934, an tuhume shi a 1943 da taɓa kuɗin jangali lokacin yana Gusau, kotun Sarkin Musulmi kuma ta yanke masa ɗauri. Ya ɗaukaka ƙara, ya sami lauya, aka wanke shi. Ahmadu Bello daga zuriyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake, ya yi Kwalejin Katsina, ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Shekara 80 bayan haka, mai gona a ƙauyen Gandi ko makiyayin da aka nome wa burtali bai fi kusa da wannan ƙofa ba.

Abin da nake ganin ya dace shi ne Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Sakkwato ta ware sashe na musamman don shari'un filayen karkara, diyya da kiwo, ta kuma mayar da shi tafarkin aiki da mutum zai shiga ya yi girma a cikinsa har matakin darakta. Yanzu lauyan da ya ƙware a wannan fanni ba ya samun komai a kai. Gobe a mayar da shi sashen gurfanar da masu laifi, fayil ɗin ya koma hannun wanda bai san inda ƙauyen Lugu yake ba. Jami'in irin wannan sashe yana buƙatar abin da makarantar lauyoyi ba ta bayarwa: fiƙihun Malikiyya kan gado da hauzi da shufu'a, Hausar yankin da Fulfulde, karatun taswira, da haƙurin zama a zauren uban ƙasa ko wurin arɗo ya ji yadda iyaka ta samo asali. Ba lauyoyi kaɗai ake nufi ba. Ana buƙatar masu safiyo, da masana tarihi da za su iya amfani da kundayen gundumomi da ke Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna da na Ofishin Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Kotun Ƙolin Kanada ta karɓi tarihin baka a matsayin hujja a shari'ar Delgamuukw ta 1997, kotunanmu ma sun daɗe suna karɓar shaidar tarihin gargajiya a rikicin fili. Abin da ya rage shi ne gwamnati ta riƙa tattara wannan shaida da kanta, tun dattawan da suka san ta suna raye.

Za a ce lauyan gwamnati amanar baitulmali ke hannunsa, kuma da zarar an ji labarin diyya wasu kan kafa bukkoki ko su dasa itatuwa cikin dare. Hakan na faruwa. Maganinsa rajista ce da aka yi tun kafin a sanar da aiki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Maƙwabtanmu na Nijar sun kama wannan hanya tun 1993 da dokar karkara wadda ta kafa kwamitocin filaye daga matakin gunduma har ƙauye, inda manoma da makiyaya da sarakuna da ma'aikata ke zama tare su rubuta gonaki da burtula, a 2010 kuma suka ƙara dokar kiwo. Tsarin yana da nasa rauni, amma ya ba makiyayi takardar da zai nuna. Mu muna da Dokar Wuraren Kiwo ta 1965, sai dai yawancin wuraren da aka ware a Arewa ba a kammala shigar da su gazet ba, abin da ba ya cikin gazet kuwa da wuya lauya ya kare shi.

Za a kuma ce yanzu lokacin tsaro ne, maganar fayil ta jira. Mutanen Tabanni da ke ƙasar Gandi sun rasa fiye da mutum 30 a harin Yulin 2018, kasuwar Goronyo ta rasa fiye da 40 a Oktoban 2021. Babu mai hankalin da zai ce rikicin burtali ya halatta wannan ta'asa, ko ya ce shi kaɗai ya haife ta. Amma gudun hijirar da ta biyo baya tana tara sababbin shari'u: gonakin da aka bari shekaru wasu suka shiga, jinginar da shaidunta suka mutu ko suka watse, gadon marayun da ba a raba ba. Ranar da mutane suka koma garuruwansu, waɗannan ƙararraki za su taso gaba ɗaya, kuma Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da aka kafa a 1976 ba ta da ma'aikatan da za su ɗauke su.

Matakin farko ba ya buƙatar gyaran kundin tsarin mulki, ba ya ma buƙatar sabuwar doka. Antoni Janar na jiha yana da ikon rubuta wa lauyoyinsa umarni cewa a shari'ar filin karkara a fara neman sulhu, kada a musanta abin da fayil ɗin gwamnati ya tabbatar, kada a nemi korar ƙara saboda kuskuren takarda, a kuma biya abin da kotu ta yanke ba tare da jan ƙafa ba. Ina kira ga Ma'aikatar Shari'a, da Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da reshen ƙungiyar lauyoyi na Sakkwato, su zauna su tsara wannan umarni, a fara gwada shi a Wurno da Rabah da Goronyo.