Dakar da Tunis: Su Wa Ke Tsare Dimokuraɗiyya?

Tun daga 2006, rahoton da cibiyar Freedom House ke fitarwa duk shekara yana nuna cewa ƙasashen da 'yanci ya ja baya a cikinsu sun fi waɗanda ya ƙaru yawa. A Yammacin Afirka juyin mulki ne ya fi ɗaukar hankali, daga Mali a 2020 zuwa Nijar a 2023. Amma sau da dama zaɓaɓɓen shugaba ne ke murɗe doka sannu a hankali, kotuna da majalisa suna nan da sunansu, ƙarfinsu kuwa ya tafi.

Senegal ta kusa faɗawa wannan rami. Ranar 3 ga Fabrairu 2024, ana dab da fara yaƙin neman zaɓe, Shugaba Macky Sall ya ɗage zaɓen da aka shirya yi ranar 25 ga watan. Bayan kwana biyu, jami'an tsaro suka fitar da 'yan adawa daga zauren majalisa, sauran suka mayar da zaɓen zuwa 15 ga Disamba. An katse intanet na wayoyin hannu, an kuma rasa rayuka a zanga-zanga.

An yaba wa Majalisar Tsarin Mulki da ta soke ɗagewar ranar 15 ga Fabrairu, kuma ta cancanci yabon. Sai dai alƙalan ba su kaɗai suka tsaya ba. Gamayyar Aar Sunu Election ta tattaro ƙungiyoyin farar hula, na malaman makaranta da na addini, mutanen da ra'ayinsu ya sha bamban a kan wanda ya dace ya ci, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa wa'adi wa'adi ne. Wannan al'ada tana da tushe: a 2011 irin wannan haɗin kai ne ya taka wa shugaban ƙasa na lokacin, Abdoulaye Wade, burki, kuma Sall da kansa ya ci moriyarsa a 2012. Ranar 24 ga Maris aka yi zaɓe, ɗan takarar adawa Bassirou Diomaye Faye, wanda kwana 10 kacal da fitowarsa daga kurkuku, ya lashe da kashi 54 cikin 100.

Labarin Tunisiya ya fi sosa rai. A 2013, bayan kisan 'yan siyasa biyu, Chokri Belaid da Mohamed Brahmi, ƙungiyar ƙwadago ta UGTT ta zauna tare da ƙungiyar masu masana'antu, ta lauyoyi da ta kare haƙƙin ɗan Adam. Ma'aikaci da ubangidansa suka haɗa kai, suka ja 'yan siyasa zuwa teburin sulhu, aka samu tsarin mulkin 2014, su kuma suka karɓi kyautar Nobel a 2015.

To me ya sa da Shugaba Kais Saied ya dakatar da majalisa ranar 25 ga Yuli 2021 jama'a suka fito tituna suna murna? Domin sulhun ya tsaya ne a tsakanin manya. Matashin Sidi Bouzid ko Kasserine, inda juyin juya halin 2011 ya samo asali, bai ga aikin yi ba, farashi kuma na ta hawa. Wanda dimokuraɗiyya ba ta taɓa tukunyarsa ba, da wuya ya fito kare ta. A zaɓen majalisa na Disamba 2022 kusan kashi 11 cikin 100 ne kawai suka kaɗa ƙuri'a.

Senegal ma da sauran aiki a gabanta. Matasanta na ci gaba da shiga kwale-kwale zuwa Tsibiran Kanari, kuma ƙungiyoyin da suka kare ranar zaɓe su ne ya kamata su matsa wa gwamnatin Faye lamba kan aikin yi, tsadar shinkafa da kifin da manyan jiragen ƙetare ke kwashewa.