Sarrafa Igiya a Matsayar Rataye

Sarrafa igiya a matsayar rataye babi ne daga ilmin hawan duwatsu masu tsawo, waɗanda igiya ɗaya ba ta isa, sai an kasa hawan zango-zango. Matsayar rataye ita ce inda mahaya biyu suke haɗuwa a ƙarshen zango alhali babu wurin tsayawa, sai dai kowa ya rataya da ɗamararsa jikin ƙarafan da aka kafa, kamar yadda yakan faru a dutsen El Kapitan na Yosemite, a Amurka, mai tsawon kimanin mita 900.

Da yake igiyar takan kai mita 60 ko 70, ƙa'ida ita ce wanda ya riga isa, sa'ad da yake jawo ta don tsare abokinsa, ya riƙa ninka ta hagu da dama bisa guntuwar igiyar da ta ɗaure shi da ƙarafan, ya fara da dogayen ninki, sa'an nan kowane ya kasa wanda ya gabace shi tsawo, domin kada na sama ya sarƙe da na ƙasa. In an bar ta tana reto, iska kan kaɗa ta ta maƙale a tsaguwar dutse, fid da ita kuwa akwai hatsari.

Idan na biyu zai ja gaba, tarin igiyar yana daidai, sabili da bakin da ke ɗaure da shi ne a sama. Amma in na farko zai sake jagora, wajibi ne a juya tarin ɗungum.