Ginin da aka hana wa tagogi saboda littattafai

Idan ka kalli ɗakin adana tsofaffin littattafai na Beinecke, a Jami'ar Yale da ke Amurka, za ka ga bangon benensa ba taga ko ɗaya. Da gangan aka yi haka.

An buɗe ginin a 1963. Mai zanensa, Gordon Bunshaft, ya fuskanci tsohuwar matsalar masu baje kolin littattafai: wanda aka ɓoye ba ya amfanar kowa, wanda aka fito da shi kuma haske na cinye shi. Hasken rana yana koɗar da launin rubutu, ya sa takarda ta yi rawaya har ta riƙa karyewa. Ɓarnar taruwa take yi, kuma ba ta gyaruwa.

Sai Bunshaft ya yi bangon da fallayen dutsen marmara masu kaurin kusan santimita 3. Rana tana ratsa dutsen a dushe, yadda za ka iya kallon Baibul ɗin Gutenberg, bugun wajajen 1455, ba tare da an gasa shi ba.

To, in akwai kundin kakanni a gidanku, ka nisanta shi da taga.